Sanya wa mota sitabilaiza mai kauri: abin da zai gyaru da abin da zai iya ɓaci

Tambaya: Motata ƙarama ce mai ja da tayoyin gaba. Idan na shiga kwana da ɗan gudu sai ta kwanta gefe guda, gaban kuma ya riƙa zarcewa kamar ba ya jin sitiyari. An ba ni shawarar in cire sitabilaizar da ta zo da ita daga kamfani, in sa masu kauri gaba da baya. Shin hakan zai gyara ta? Wane kauri zan saya, kuma yaya ake ɗaurawa?

Amsa: Malam, kwanciyar za ta ragu, wannan babu tantama. Amma zarcewar gaban da kake kuka da ita, idan ka sauya gaba da baya a lokaci guda, tana iya tsayawa yadda take, tana ma iya ƙaruwa. Matsala biyu ka kawo, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Don haka kafin maganar sifana da noti, sai ka fahimci abin da sandar nan take yi wa tayoyinka, domin a nan ne yawancin masu wannan aiki suke asarar kuɗinsu.

Sitabilaiza sanda ce ta ƙarfen sifirin wadda aka lanƙwasa bakinta biyu. Tsakiyarta tana ɗaure a ƙarƙashin mota cikin bushin guda biyu, wato zobban roba da ke riƙe ta, hannayenta kuma kowanne yana haɗe da ƙafar taya ɗaya ta hanyar linkej, wato ɗan gajeren ƙarfe mai haɗa su. Idan tayoyin hagu da dama suka hau tudu tare, sandar juyawa kawai take yi cikin bushin, ba ta aikin komai. Sai a kwana take aiki, lokacin da tayar waje ta matsu sama, ta ciki kuma ta saki ƙasa. A nan sandar ke murɗuwa, tana turjiya, tana hana jikin motar kwanciya. Shi ya sa ba ta ɗaga mota, ba ta sauke ta, ba ta kuma hana gaba nutsewa idan an taka birki. Dabara ce tsohuwa ƙwarai, tun a 1919 aka yi rajistar ƙirƙirarta a Kanada.

Abin da mutane ba sa ganewa shi ne, nauyin da ke komawa kan tayoyin waje a kwana ba sandar ce ke ƙayyade yawansa ba. Abu huɗu ne: nauyin motar, tsayin cibiyar nauyinta daga ƙasa, faɗin da ke tsakanin tayar hagu da ta dama, da ƙarfin da aka shiga kwanar da shi. Ɗauki mota mai kilo 1,400, cibiyar nauyinta santimita 55 daga ƙasa, faɗinta mita 1.5, aka shiga kwana da ƙarfin da ya kai 0.8 na jan ƙasa. Ka ninka 1,400 da 0.8 da 0.55, ka raba da 1.5, za ka sami kusan kilo 410. Wannan nauyin dole ya bar tayoyin ciki ya koma na waje, ko da sandar jirgin ƙasa ka ɗaura mata. Abin da sitabilaiza take iya yi shi ne ta raba kilo 410 ɗin nan tsakanin gaba da baya. Ɓangaren da ya fi tauri shi ya fi ɗauka.

To me ya sa rabon yake da muhimmanci? Saboda taya ba ta biyan riƙo daidai da nauyin da aka ɗora mata. Idan ka ninka nauyin da ke kanta, riƙonta zai ƙaru, amma ba zai ninku ba. Tayoyi biyu masu ɗauke da kilo 400 kowacce sun fi riƙe kwalta a kan biyun da ɗaya ke ɗauke da 600, ɗayar 200, duk da jimillar ɗaya ce. Ke nan duk ɓangaren da ka ƙara wa tauri, shi ka rage wa riƙo, ka sauƙaƙa wa ɗayan. Ka taurara gaba, gaba zai fara sakin kwalta, motar ta zarce. Ka taurara baya, gaba ya sami sauƙi ya bi sitiyari, baya kuma ya matso kusa da kubcewa. A misalinmu, ka ce gaba yana ɗaukar kashi 60 cikin 100 na wannan nauyi, wato kilo 246, baya 164. Idan sandar baya mai kauri ta mayar da rabon rabi da rabi, kowanne 205, ka sauke wa gaba kilo 41. Wannan kilo 41 ɗin shi ne abin da hannunka zai ji a sitiyari.

Saboda haka, ga mota mai ja da gaba wadda gabanta ke zarcewa, daga sandar baya ake farawa, kuma ita kaɗai. Tayoyin gabanta su ke ɗauke da inji, su ke ja, su ke juyawa, su ke yin mafi yawan birki. Ba su buƙatar ƙarin kaya. Idan ka sa mai kauri a gaba, ban da zarcewa, tayar gaba ta ciki za ta yi sauƙi, ka taka totur a fitar kwana ta riƙa juyawa a banza. Akwai togaciya ɗaya da ya kamata a faɗa: motar da ƙafafun gabanta irin na MacPherson ne, wato waɗanda shokazoba da sifirin ke haɗe a tsaye suna riƙe da tayar, idan tana kwanciya sosai, tayar waje tana jingina ta hau kafaɗarta, rabin fuskarta ya bar ƙasa. A irin wannan, ɗan ƙarin tauri a gaba yana iya tsayar da tayar ta zauna daidai, riƙo ya ƙaru maimakon ya ragu. Amma wannan mataki na biyu ne, bayan ka ga abin da ta baya ta yi. A mota mai ja da baya lissafin ya juya: sandar baya mai tauri tana sauƙaƙa tayar baya ta ciki, ita ce kuma mai tura motar, don haka a can an fi taɓa gaba ko a ƙara duka biyun daidai gwargwado.

Kada kuma ka ɗauka kamfani kuskure ya yi da ya bar gaban yana zarcewa. Da gangan ne. Direban da ya ji tsoro a tsakiyar kwana abin da zai fara yi shi ne ɗaga ƙafa daga totur. Idan gaba ne ke zarcewa, wannan ɗagawar tana mayar da nauyi kan tayoyin gaba, motar ta dawo hanya da kanta. Idan kuwa baya ne ya yi tauri fiye da kima, ɗaga ƙafar nan ita ce za ta sauƙaƙa bayan, ya ɗebo, motar ta juya da kai. A busasshiyar kwalta ba lallai ka taɓa gani ba. A ruwan sama, ko inda yashi ya kwanta a kwana, ko ranar da ka kauce wa wani abu da gudu, nan zai bayyana. Na'urar hana sulɓi da ke cikin sababbin motoci tana taimakawa, amma a kan ƙafafun kamfani aka saita ta, kuma ba ta ƙirƙiro riƙon da babu.

Batun kauri kuwa, a nan ido yake yaudara. Taurin sanda wajen murɗuwa yana bin kaurinta ne a ninke sau huɗu, wato kauri sau kauri sau kauri sau kauri. Daga milimita 20 zuwa 22 ido ba zai ga wani bambanci ba, amma tauri ya ƙaru da kashi 46 cikin 100. Daga 22 zuwa 24, kashi 42. Daga 19 zuwa 22, kashi 80. Daga 20 zuwa 25 kuwa, ya kusa ninki biyu da rabi. Ga motar hawa ta yau da kullum, ƙarin milimita 2 zuwa 3 a baya ya isa. Wanda ya ce maka ka sayi mafi kaurin da ke akwai, bai yi wannan lissafi ba. Ka kuma sani cewa ƙarin tauri na kashi 46 ba ya nufin kwanciya za ta ragu da kashi 46, domin sifirin huɗu da sandar gaba su ma suna cikin masu tokare motar. Ta baya kaso ɗaya ce kawai a cikinsu.

Ka fara auna wadda ke jikin motarka, kada ka dogara da abin da aka rubuta, domin ƙirar mota ɗaya tana iya fitowa da kauri daban-daban gwargwadon inji da daraja. Ka goge wuri miƙaƙƙe a tsakiyar sandar ka sa ma'aunin kauri. In babu, sifana mai buɗaɗɗen baki tana yi: lambar da ta shige sandar cif ba tare da wasa ba, ita ce kaurin.

Akwai sanda cikakkiya, akwai mai rami a ciki kamar bututu. Ba a kwatanta su da kaurin waje kawai. Mai rami da wajenta milimita 25, bangonta 4, cikinta ke nan 17, taurinta daidai yake da cikakkiya mai milimita 23 da rabi, amma nauyinta ya ragu da kusan kashi 40. Wadda kamfani ya sa maka ma tana iya zama mai rami, don haka cikakkiya mai kauri iri ɗaya da ita ta riga ta fi ta tauri. Ka nemi mai ƙera sandar ya faɗi yawan ƙarin taurin a kan ta asali; kamfanoni irin su Whiteline na Ostareliya da Eibach da H&R na Jamus suna ƙera sanda ne ga kowace ƙirar mota daban, ba ɗaya ga kowa ba.

In da hali, ka sayi mai huda biyu ko uku a bakin hannu. Hudar da ke can ƙarshe tana ba da dogon hannu, sandar ta yi laushi. Hudar da ta fi kusa da jikin sandar tana gajarta hannun, ta yi tauri, kamar yadda gajeriyar sifana ta fi wuyar kwance noti a kan doguwa. Rage hannu daga milimita 200 zuwa 180 yana ƙara tauri da kusan kashi 20. Wannan yana ba ka damar gyara kuskure ba tare da sayen wata ba.

Kafin ka sayi komai ma, ka duba ko motar lafiyarta ƙalau. Shokazoba da ta mutu tana sa mota ta faɗa gefe da sauri a shigar kwana. Linkej da ya karye yana kashe sitabilaizar gaba ɗaya, motar ta riƙa kwanciya alhali sandar tana nan. Bushin da ya cinye yana barin sandar ta yi wasa kafin ta fara aiki. Iskar tayar gaba da ta yi ƙasa, ko taya da ta ƙare, ko alaimen da ya goce, kowanne yana kawo zarcewar da ka kwatanta. Sau da yawa gyara waɗannan kaɗai yana mayar da motar yadda take a da. Ka kuma leƙa ka ga irin ƙafafun bayanka. Ƙananan motoci da yawa gada ɗaya ce ta ƙarfe ke haɗa tayoyin bayansu, ita kanta gadar ce ke murɗuwa tana aikin sitabilaiza. Irin wannan sandar da ake sayar mata ƙari ce a kan gadar, tana ɗauruwa a jikinta ko a gindin shokazoba, sau da yawa ba linkej. Motar da sandarta ke aiki da mai ko lantarki kuwa, irin tsarin KDSS na wasu Land Cruiser, wannan bayani bai shafe ta ba.

Kayan da za ka tanada: sandar, bushin da hudarsa ta yi daidai da sabon kaurin, baraket ɗinsa, wato ƙarfen da ke ɗaure shi a jikin mota, sabbin linkej biyu, sabbin noti masu robar kulli a ciki, giris na silikon, man sassauta tsatsa, jak da tokari biyu na ƙarfe, alanki (ɗan lanƙwasasshen ƙarfe mai kusurwa shida na juya ƙusa), da sifana mai auna ƙarfin ɗauri. Tsohon linkej kada ka mayar da shi. Ƙarfin da zai bi ta cikinsa yanzu ya ƙaru daidai da taurin sandar, kuma shi ne abin da ke fara karyewa, musamman na roba ko siririn ƙarfe. Idan an sauke motar ƙasa da wasu sifirin, linkej mai tsawaituwa da gajartuwa ya zama dole.

Aikin baya ba shi da wuya, awa ɗaya zuwa biyu ne idan tsatsa ba ta kama ba. Ka fesa man tsatsa a kan notoci tun daren jiya. Ka tsayar da motar a shimfiɗaɗɗen wuri, ka tare tayoyin gaba, ka ɗaga bayan duka biyu, ka zaunar da shi a kan tokari. Maganar duka biyun nan ba ta ado ba ce. Idan ka ɗaga gefe ɗaya kawai, sandar a murɗe take da nauyin mota. Notin linkej ba zai fita ba, in kuma ka tilasta shi ya fita, hannun sandar zai yi tsalle da ƙarfin da zai fasa yatsa. Kada kuma ka shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. In akwai ramin gareji inda motar ke tsaye a kan tayoyinta, ya fi komai.

Kafin ka kwance komai ka ɗauki hoto ta hagu da ta dama. Sanya sanda a kife yana daga cikin kuskuren da aka fi yi, domin tana shiga a hakan, sai daga baya a ga tana bugun salansa ko linkej ya karkace. Ka fara kwance linkej. Ƙusarsa tana juyawa tare da noti, shi ya sa aka yi mata gurbin alanki a bakinta, yawanci lamba 5 ko 6, ko wuri mai faɗi a bayanta na sifana. Ka riƙe can, ka juya notin. Ka goge tsatsar zaren tukuna, in ba haka ba gurbin alankin zai cinye, sai dai yanka. Sannan ka kwance baraket biyu, ka zaro sandar. A wasu motoci sai ka saki robobin da ke rataye salansa ta ɗan sauka kafin sandar ta sami hanya. Ka bari salansar ta huce tukuna. In motarka tana da na'urar da ke daidaita fitilun gaba gwargwadon nauyin kaya, akwai wani siririn hannu a ƙafar baya, ka lura kada ka karya shi.

Ka shimfiɗa tsohuwar da sabuwar a ƙasa, ɗaya kan ɗaya, ka tabbatar lanƙwasarsu da faɗinsu sun zo ɗaya. In ba su zo ba, a mayar, ba a gyara. Ƙarfen sifirin ne da aka gasa aka ba shi tauri. Wanda ya sa masa wuta don ya lanƙwasa, ko ya yi masa walda, ko ya huda shi, ya kashe shi, kuma daidai wurin nan zai karye.

Sai bushin. Yawancin waɗanda ke zuwa da sabuwar sanda na foliyuretan ne, wata roba mai tauri. Ba kamar baƙar robar kamfani take ba, wadda ke lanƙwasa tare da sandar; ita wannan sandar ce ke zamewa a cikinta, don haka sai da giris. Ka shafa wanda ya zo da ita ko na silikon a cikin hudar sosai, har ya ɗan fito gefe. Bayan bushin, inda yake zama cikin baraket, a bushe ake barinsa. Giris na man fetur kada ya taɓa baƙar roba, yana kumbura ta ya lalata. Akwai kuma bushin da aka yi wa shimfiɗar Teflon a ciki, shi ba ya buƙatar giris. Ka karanta takardar da ta zo da shi. Tsagar bushin ta kalli inda ta kamfani ta kalla.

Ka ɗora sandar, ka kama ƙusoshin baraket da hannu, kada ka ɗaure tukuna. Ka auna daga bakin kowane hannu zuwa wani wuri iri ɗaya a hagu da dama, ka daidaita ta a tsakiya. In ta zo da zobban hana zamewa, ka matso da su jikin bushin, ka bar ɗan sarari na milimita 2 ko 3. Yanzu, kafin ka haɗa linkej, ka kama hannun sandar ka ɗaga ka sauke bayan ka ɗaure baraket. Ya kamata ta motsa da ɗan ƙarfin hannu. In ta ƙame ba ta motsi, bushin ya matse ta, kuma za ta zama kamar ƙarin sifirin, motar ta yi tauri ko a miƙaƙƙiyar hanya.

Ƙarfin ɗauri a littafin motarka yake, shi za ka bi. Don ka san inda lambobin suke faɗawa: ƙusa mai kauri milimita 8 mai daraja 8.8 tana ɗaukar wajen Nm 25 (Nm shi ne ma'aunin ƙarfin ɗauri da ke jikin sifanar awo), mai milimita 10 wajen Nm 50, mai 12 wajen Nm 85. Notin baraket a motoci da yawa a cikin ƙarfen motar aka yi masa walda. Idan ka wuce gona da iri ka cinye zarensa, ƙaramin aiki ya zama babba. Da hannu ake fara kowace ƙusa, ba da bindigar iska ba.

Wurin da ake bambance aikin gwani shi ne haɗa linkej. Ana ƙarasa shi ne motar tana zaune a kan tayoyinta da nauyinta, a wuri mai daidaito, ba tana rataye ba. Ka mayar da tayoyi, ka sauke ta, ka tura ta gaba da baya kaɗan ƙafafun su zauna. Abin da ake nema shi ne hannun sandar ya kwanta kusan daidai da ƙasa, linkej kuma ya tsaya kusan a miƙe a kansa. In linkej mai daidaituwa ne, ka saita gefe ɗaya ka ɗaure, sannan ka je ɗaya gefen ka riƙa juya shi har ƙusarsa ta shige hudar sandar da yatsa biyu, ba tura, ba ja. Ya fi kyau a yi haka da mutum mai nauyinka zaune a kujerar direba. Idan aka tilasta ƙusar ta shiga, sandar za ta zauna a murɗe ko motar tana tsaye, tana danna taya ɗaya tana ɗaga ɗaya. Sakamakon shi ne motar ta yi kwanar hagu daban, ta dama daban. Ka fara da huda mafi laushi, iri ɗaya a gefe biyu. Ka tabbatar zaren linkej ya shiga jikinsa da zurfin da bai gaza kaurin ƙusar sau ɗaya da rabi ba, ka kulle notocin tsaro.

Daga nan ka duba sarari. Sandar da linkej kada su kusanci bututun birki, wayar ABS (na'urar hana tayoyi kullewa a birki), sifirin, salansa ko tankin mai. Ka nemi aƙalla santimita ɗaya ko'ina. Ka duba motar tana ƙasa, ka sake dubawa tana rataye, domin a rataye ne linkej mai gajarta yake miƙewa ya zama layi ɗaya da hannun sandar, daga nan kuma yana iya kifewa ta baya ya karye.

Idan daga baya ka ga kana buƙatar ta gaba, ka san aikin ya fi wannan nisa. A yawancin motoci masu ja da gaba sandar tana kwance ne a kan kurosmemba, wato ƙarfen da ya gitta ƙarƙashin mota yana ɗauke da ƙafafun gaba, bayan inji, kusa da rak ɗin sitiyari mai juya tayoyi, kuma ba ta fita sai an sauke kurosmembar 'yan santimita. Ana miƙe tayoyi, a ɗaure sitiyari kada ya juya, sannan a raba shi da rak; in ya juya a sake, siririyar wayar da ke naɗe a cikinsa, mai kai wuta ga hon da jakar iska, za ta tsinke. Ana cire kan batir, a yi wa mazaunin kurosmembar alama da fenti, a tokare ta da jak kafin a kwance. Ƙusoshinta a motoci da yawa masu miƙewa ne idan an ɗaure, sau ɗaya ake amfani da su, sai sababbi. Bayan an gama dole a yi alaimen, a kuma juya sitiyari har ƙarshe hagu da dama a ga ko taya, tayrod ko shaf suna taɓa sandar. Sauya ta baya kaɗai ba ya taɓa alaimen, muddin ba a kwance ƙafafun ba.

Gwaji a fili ake yi, inda babu mutane babu ababen hawa, da gudu kaɗan. Ka daidaita iskar taya tukuna. Ka zagaya da'ira ɗaya kana ƙara gudu a hankali har ka ji wane ɓangare ne ke fara saki, sannan ka ɗaga ƙafa daga totur a tsakiyar zagayen ka ji abin da bayan zai yi. In gaban ya ɗan shigo ciki a natse, ka samu abin da kake nema. In bayan ya ɗebo har sai ka mayar da sitiyari, ta yi tauri, ka koma huda mai laushi ko sanda mai ƙarancin kauri. Ka yi ta hagu, ka yi ta dama. Abu ɗaya ake sauyawa a kowane gwaji, in ba haka ba ba za ka san wanne ya yi aiki ba. Ka sake gwadawa da mutane a kujerar baya da kaya a but, domin halin motar yana sauyawa.

Akwai farashin da za ka biya wanda ba na kuɗi ba. Sandar tana haɗa hagu da dama, don haka idan taya ɗaya ta faɗa rami, ɗayar ma za ta ji, kan fasinja ya riƙa kaɗawa gefe da gefe. A hanya mai gargada mota mai sanda mai tauri tana tsalle a kwana, riƙonta ya gaza na wadda aka bari da laushinta. Wannan ne dalilin da ya sa Jeep Wrangler Rubicon take da maɓallin raba sandar gaba idan za a shiga duwatsu. Masu jif da a-kori-kura kuma su sani, rage kwanciya bai sauke cibiyar nauyi ba. Motar tana nan da tsayinta, an dai rage gargaɗin da take ba direba kafin ta kai iyaka. Ta fuskar doka, a Jamus irin wannan sauyi sai da takardar amincewa da kayan, a Ingila kuma ana sanar da kamfanin inshora. Ka bincika abin da ya shafi inda kake.

Bayan kilomita 150 zuwa 200 ka sake bin kowane noti da sifanar awo, domin bushin yana zama, ɗauri ya ɗan saki. In ka ji ƙwanƙwasa a ƙananan ramuka, kusan kullum notin linkej ne bai ɗauru ba, ƙusar tana wasa cikin huda, in aka bari kuma za ta faɗaɗa hudar. Ƙiƙi-ƙiƙi a kan tudu, musamman da sanyin safiya ko bayan ruwa, bushin ne ya bushe. A kwance baraket, a wanke, a sake giris, abin da ake yi kamar sau ɗaya a shekara. Gogaggen fenti a jikin sandar yana nuna inda take taɓa wani abu, ko ta zame gefe. Ka kuma haska fitila a gindin baraket da kunnen da linkej ke kamawa: a wasu motoci ƙarfen wurin siriri ne, an yi shi ne don sandar kamfani, kuma tsaga tana farawa kamar zaren tsatsa daga bakin hudar ƙusa. In ka ga haka, a cire linkej duka biyun a ɗaure sandar kada ta yi lilo, a tafi a hankali, a sa farantin ƙarfafawa a wurin kafin a sake haɗa ta.